Motsa Jiki Da Ciwon Mara: Darasi Ga 'Yan Mata Da Kowa Da Kowa

A wannan fitowa ta jaridar bango mun zaɓi mu yi magana a kan abin da yawancinmu muke jin kunyar faɗa, wato ciwon mara na lokacin al'ada. Mun zaɓe shi ne saboda kowace shekara ranar 28 ga watan Mayu ake bikin Ranar Tsaftar Al'ada ta Duniya. An ɗauki 28 domin ita ce adadin kwanakin da aka fi misalta zagayowar al'ada da su, an ɗauki Mayu kuma domin shi ne wata na biyar, kamar kwana biyar da mata da yawa ke yi.

Dukkanmu mun taɓa ganin ɗaliba ta kifa kai a kan tebur ta riƙe ciki, malami yana tambaya, ita kuma ta ce "kaina ke ciwo" alhali ba kai ba ne. Mun taɓa ganin wadda ta rasa gwaji saboda ba ta iya fitowa daga gida ba. Idan yarinya tana rasa kwana biyu kowane wata, a zango ɗaya na wata uku ta rasa kwana shida ke nan. Wannan ya isa a wuce ta a lissafi, kuma jarrabawar aji uku ba ta jiran kowa. Shi ya sa muka tambayi malamar kimiyya da malamar motsa jiki, muka kuma karanta, ga abin da muka koya.

Me ke jawo ciwon?

Mahaifa tsoka ce, kamar tsokar hannu ko ta ƙafa. Kowane wata takan yi shimfiɗa a cikinta. Idan lokaci ya yi, sai shimfiɗar ta zube ta fita tare da jini. Domin ta fitar da ita, dole mahaifa ta riƙa matsewa tana saki. Wani sinadari da jiki ke yi mai suna furostagilandin shi ke ba ta umarnin matsewa. Idan sinadarin ya yi yawa, matsewar takan yi ƙarfi har ta danne ƙananan jijiyoyin jini. Jini ya ragu, iskar oksijin ta ragu a tsokar, sai a ji murɗa. Kamar dai yadda ƙafa ke riƙewa idan mutum ya daɗe a zaune a kanta.

Ciwon yakan fara kwana ɗaya kafin jini ya zo ko a ranar farko, ya yi kwana ɗaya zuwa uku. Yakan sauka har baya da cinyoyi. Wasu har da tashin zuciya, gudawa ko ciwon kai. Fiye da rabin mata masu al'ada suna jin wani abu na wannan ciwo. Saboda haka ba ragwanci ba ne, ba kuma ƙarya ba ce don a guje wa shara.

Ta yaya motsa jiki ke taimakawa?

Da farko da muka ji wannan magana dariya muka yi. Mutum yana murƙususu a ce masa ya tashi ya yi tsalle? Amma da aka yi mana bayani sai muka gane.

Na ɗaya, motsa jiki yana sa zuciya ta harba jini da kyau zuwa ko'ina, har da mara.

Na biyu, idan mun motsa, jiki yakan saki wani sinadari mai suna endofin. Shi maganin ciwo ne da jiki ke haɗa wa kansa, kuma yana sa mutum ya ji daɗi a ransa.

Na uku, yana sassauta tsokokin baya da na ciki da suka ɗaure, yana rage damuwa, yana sa barci mai kyau. Wadda ta kwana ba ta yi barci ba ta fi jin zafin ciwo.

A shekarar 2019 masana na ƙungiyar Cochrane, masu tattara binciken likitoci su auna shi, sun duba wannan batu. Sun ga cewa motsa jiki na minti 45 zuwa 60, sau uku ko fiye a mako, yana iya rage zafin ciwon mara sosai. Abin lura a nan shi ne, ba ranar ciwo kaɗai ake yi ba. Ana yi ne duk tsawon wata, kafin ciwon ya zo. Rigakafi ya fi magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce yara daga shekara 5 zuwa 17 suna bukatar motsa jiki na kimanin minti 60 a kowace rana.

Abin da za mu yi a ranakun da muke lafiya

Ba sai da kuɗi ko kayan wasa masu tsada ba. Ga abubuwan da muka riga muka iya:

1. Tafiya da sauri. Idan da ƙafa muke zuwa makaranta, mu ɗaga ƙafa har mu ji numfashi ya ƙaru, amma muna iya magana.
2. Tsallen igiya. Igiya ɗaya ta ishi mutum biyar a lokacin tara.
3. Gaɗa da 'yar gala-gala. Wasanninmu ne na gida, kuma duk wadda ta yi gaɗa sosai ta san ana gumi.
4. Ƙwallon raga ko guje-guje a filin makaranta. Mu daina ɓuya a aji ko a gindin bishiya idan an fita darasin motsa jiki.

Wata za ta ce, "Ai ina daka, ina ɗiban ruwa, ina shara." Gaskiya ne, wannan ma motsi ne kuma yana da amfani. Sai dai ɗaukar jarka mai nauyi yakan gajiyar da baya, don haka a haɗa da miƙe jiki.

Abin da za mu yi a ranar ciwo

A wannan rana ba a son wahala. A shimfiɗa tabarma a ɗaki, a yi waɗannan a hankali:

Na farko, gwiwa zuwa ƙirji. Ki kwanta rigingine, ki jawo gwiwoyinki biyu zuwa ƙirji, ki rungume su. Ki ƙirga ashirin, ki saki. Ki maimaita sau biyar.

Na biyu, durƙuso. Ki durƙusa, ki zauna a kan dugaduganki, ki kwantar da ƙirji a kan cinyoyi, ki miƙa hannuwa gaba a ƙasa. Ki tsaya haka kina numfashi kamar minti ɗaya. Wannan yana sassauta ƙugu.

Na uku, miƙar kyanwa. Ki tsaya kamar mai rarrafe. Ki gantsara baya sama kamar kyanwar da ta tashi daga barci, sannan ki sauke shi ƙasa ki ɗaga kai. Sau goma, ba gaggawa.

Na huɗu, numfashin ciki. Ki ɗora hannu a kan ciki, ki shaƙi iska ta hanci har cikin ya taso, ki fitar ta baki sannu a hankali. Wannan ko a aji ana iya yi, babu wanda zai sani.

Na biyar, zagaya tsakar gida na minti goma zuwa sha biyar idan kin ji za ki iya.

Bayan haka, ɗumi yana taimakawa ƙwarai. A zuba ruwan ɗumi a gora, a rufe da kyau, a naɗe da zani, a ɗora a mara. Kada ruwan ya yi zafin da zai ƙona fata. Wanka da ruwan ɗumi ba ya cutarwa a lokacin al'ada, yana ma rage ciwo. A sha ruwa sosai. A ci wake, zogale, alayyahu da hanta idan an samu, domin suna taimaka wa jiki ya mayar da jinin da ya zuba. Kafin a fita wasa a canza auduga ko ƙyalle mai tsabta domin hankali ya kwanta.

Gargaɗi

Motsa jiki taimako ne, ba ya maye gurbin likita. Idan kin ji jiri ko ciwon ya ƙaru, ki tsaya. Masu sikila ko asma su tambayi likitansu irin motsin da ya dace da su, kuma kada su yi a cikin zafin rana ko da ƙishi.

Ki gaya wa Mama ko Yaya ko malama a kai ki asibiti idan:

- ciwon yana hana ki zuwa makaranta kowane wata;
- yana ƙaruwa wata bayan wata;
- jinin ya wuce kwana 7, ko kina canza auduga kowace awa ɗaya ko biyu saboda ta jiƙe;
- akwai zazzaɓi, suma, ko amai da ba ya tsayawa.

Wani lokaci irin wannan alama ce ta wata cuta da ke bukatar magani. Kada a ce mana "ki yi haƙuri, in kin yi aure zai daina". Karatunmu yanzu muke yinsa. Haka kuma kada mu sha ƙwaya ko jiƙo don kawai ƙawa ta ce ya yi mata aiki. Akwai magungunan ciwon mara masu kyau, amma wasu ba a shan su da yunwa, kuma suna cutar da mai gyambon ciki. Ma'aikacin lafiya ne zai faɗi wanda ya dace.

Roƙonmu

Ga malamanmu maza: idan ɗaliba ta nemi izinin fita ko ta ce ba ta jin daɗi, don Allah a bar ta ta je wajen malama ba tare da an titsiye ta a gaban aji ba. Ga 'yan'uwanmu maza: wannan abu yana samun yayyenku da ƙannenku a gida, ba abin tsokana ba ne. Ga 'yan mata: ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Idan ƙawarki ta rasa darasi, ki ara mata littafinki ta kwafa.

Gwada kanki

1. Wane sinadari ne ke sa mahaifa ta matse?
2. Sau nawa a mako ya kamata a motsa jiki?
3. Kawo alamomi biyu da ke nuna a je asibiti.

Ki rubuta ranar da al'adarki ta zo a bayan littafi, ki ba ciwon maki daga 1 zuwa 10. Ki fara motsa jiki, bayan wata uku ki duba ko makin ya sauka. Mu ma mun fara, muna haɗuwa da igiyarmu a lokacin tara. Duk mai so ta zo. Allah ya ba mu lafiya, amin.

Daga 'yan matan aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida