Darasin sana'a: yadda ake gyaran tsatsa a jikin babbar mota

Matasan da za su je koyon gyaran bodin mota a Accra, su sani aikin da za su fi haɗuwa da shi shi ne tsatsa. Birnin yana bakin teku, iskarsa da gishiri da laima, ga ruwan sama mai ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli. Motar da ta ɗauko albasa daga Nijar ko Bawku, in ta daɗe tana aiki a kudu, ƙasan ƙofofinta da saman tayoyi da daɓen gidan direba ne ke fara ci. A Kokompe da ke Darkuman, da ƙananan garejojin Nima da Maamobi, wannan aiki ba ya yankewa.

Ku riƙe wannan tun farko: fila ba ta kashe tsatsa, rufe ta kawai take yi. Wasu masu gaggawa kan lafta ta a kan rami su fesa fenti, mai mota ya tafi yana murna. Fila tana shan ruwa, ƙarfen da ke ƙasa ya ci gaba da ruɓewa, bayan damina ɗaya fentin ya kumbura. Mai motar ba zai sake kawo muku aiki ba, kuma a Zango labari ba ya kwana.

Ku fara da bincike. A gurje fentin da injin gurza har ƙarfe ya fito fari, a caccaka wurin da sukundireba. Inda ya lotsa ko ya huje, sai yanka. Idan kuna zargin an taɓa lafta fila, ku ɗora maganaɗisu: inda bai kama sosai ba, akwai ta. A yanke ruɓaɓɓen duka, a ƙara kamar santimita biyu cikin lafiyayyen ƙarfe. A fitar da siffar ramin a kwali, a yanko falen ƙarfe mai kauri daidai da na motar. Na gidan direba yakan kai wajen milimita ɗaya. Wani lokaci sayen tsohuwar ƙofa mai kyau a Abossey Okai ya fi faci sauƙi, kuma ku gaya wa mai mota haka.

Kafin a kunna wuta, a cire kan batir, a janye kujeru da wayoyi da tamfol, a duba inda tanki da bututun mai suke. Tankin da ake cewa babu mai a ciki ya fi fashewa, saboda tururin da ya rage. A ajiye yashi ko abin kashe gobara kusa. Kada a yi walda ba gilashin fuska, ko na minti ɗaya ne. Ciwon idon sai cikin dare yake tashi. Hayaƙin ƙarfe mai rufin zinki yana sa zazzaɓi, don haka a goge rufin, a yi aikin a fili.

Siririn ƙarfe ba ya son zafi. A ɗiga walda nan, a tsallaka can, a bari ya huce, a dawo a cike tsakani har layin ya haɗe. Wanda ya ja ta a tafi ɗaya, ƙofar za ta lanƙwashe. Daga nan a gurje, a haska tocila ta baya don ganin ƙananan huji.

A goge maiƙo, a fesa fentin share fage, wato firaima, a ranar, domin a iskar Accra ƙarfe tsirara yakan yi ja kafin gari ya waye. Mai ifoksi ya fi tare ruwa. A shafa har bayan facin, wurin da mutane ke mantawa saboda ba a gani, kuma ta can tsatsa ke dawowa.

Sai yanzu fila, don daidaita fuska kaɗai. A kwaɓa kaɗan da maganin daskarewarta yadda aka rubuta a gwangwani, domin cikin 'yan mintoci take kamawa. Kada kaurinta ya wuce milimita uku. A goge da sanfefa mai lamba 80, sannan 180, da ƙyallen hanci a fuska. A sake firaima, a bi da 320, sai fenti.

Shasi kuwa ba aikin ɗan koyo ba ne. Shi ke ɗauke da kaya da rayukan mutane. In kun ga ya ci ko ya tsage, ku kira maigidan gareji, kada a sa masa fila ko kaɗan.