Darasi na Bakwai: Jemagen Kogo da Barazanar Ƙarewarsa

7.1 Gabatarwa

Wannan darasi zai yi tsokaci a kan jemagen kogo, wato ƙaramin jemage mai cin ƙwari, wanda ya sha bamban da babban jemagen da ke cin 'ya'yan itatuwa. Yakan wuni a duhun kogo, da magariba ya fito farauta. Hanyar farautarsa abin mamaki ce: yakan fitar da wata siririyar ƙara, idan ta daki sauro ko fara ta dawo kunnensa, sai ya gane inda suke.

7.2 Nau'in da Ke Gab da Ƙarewa

Daga cikin ire-irensa akwai wani mai gajeren bindi da hanci kamar ganye, wanda masana ke kira Hipposideros curtus. Ana samun sa ne kawai a kurmin Kamaru da Ikwatoriyal Gini da kudu maso gabashin Nijeriya. An shafe shekara 45 ba a gan shi ba, sai a 2016 da masaniya Iroro Tanshi ta gano shi a gandun Dutsen Afi, Jihar Kuros Riba. Babban abokin gabarsa shi ne wutar sharar gona da ke ƙwacewa ta cinye daji. Hayaƙi yakan kore shi daga kogo, ƙwarin da yake ci kuma su ƙone. Da yake macen ɗa ɗaya takan haifa a shekara, asarar rani guda takan daɗe ba ta mayu ba. Maganin da Tanshi ta kawo bai tsaya ga tsaron bakin kogo ba: manoman yankin ta jawo, ana sanar da su ranakun da sa wuta ke da haɗari. Wannan aiki ya sa aka ba ta lambar yabo ta Whitley a 2021.

7.3 Dangantaka da Muhallin Ɗalibi

Wannan nau'i ba ya zama a Jigawa, amma danginsa masu cin ƙwari suna fakewa a tsagogin duwatsun ƙasar Hausa. Malami a Birnin Kudu ko Gwaram ba ya rasa abin nuni, domin ga Dutsen Habude da Dutsen Mesa, masu tsofaffin zane-zanen shanu. Ƙunar daji da rani da fasa dutse suna cutar da irin waɗannan mafaka, a yi asarar mai rage wa manomi ƙwari ba da ladan ko kwabo ba.

7.4 Auna Fahimta

Bayyana yadda ƙunar daji ke cutar da jemagen kogo, sannan ka tsara yadda za ka koyar da hakan ga 'yan aji biyar na firamare.