Shekarata 35, ko haihuwa ta wuce ni?

"Likita, shekarata 35, ban taɓa aure ba. Karatu da aiki da jinyar mahaifiyata suka cinye mini lokaci. Yanzu Allah ya kawo wanda hankalina ya kwanta da shi, har ana maganar sa rana. Sai ga labari ya iso mini cewa yayarsa tana faɗin wai me zai yi da wadda ƙwanta ya ƙare. Tun ranar barci ya ƙaurace mini. Don Allah ki gaya mini gaskiya ko da ɗaci: na makara?"

Ƙanwata, ba ki makara ba. Na fara da wannan ne don ki samu ki runtsa yau. Amma tunda gaskiya kika nema, lokacin da ke hannunki ba irin wanda ake sakaci da shi ba ne.

Maganar yayar tasa tana da ɗan tushe, ta dai wuce gona da iri. Da ƙwayayenta gaba ɗaya ake haihuwar 'ya mace, tsakanin miliyan 1 zuwa 2, kuma jiki ba ya ƙera sababbi. Kafin ta balaga sun ragu zuwa wajen 300,000 ko 400,000. A shekara 37 saura kamar 25,000. Adadin yana ba da tsoro, har sai mutum ya ji cewa duk tsawon rayuwar mace waɗanda ke nuna su fito ba su wuce wajen 400 ba, ɗaya a wata. Ƙwanki bai ƙare ba ke nan, kuma al'ada kan ɗauke wa yawancin mata ne tsakanin shekara 45 da 55. Abin da shekaru suka fi taɓawa shi ne ingancin ƙwan. Wanda ya daɗe a ajiye ya fi yin kuskure wajen rabon ƙwayoyin gado, shi ya sa ciki kan ɗan jinkirta shiga, ɓari kuma kan ƙaru. Ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta ce raguwar takan fara a hankali daga wajen shekara 32, ta ƙara sauri bayan 37. Gangare ne ake sauka sannu a hankali. Babu wata ƙofa da ake bugowa ranar da mace ta cika 35.

Akwai wani adadi da ya daɗe yana yawo, har a bakin ma'aikatan lafiya, cewa mace 1 cikin 3 'yan shekara 35 zuwa 39 ba za ta samu ciki cikin shekara guda ba. Da aka bi sawunsa, sai aka tarar daga takardun rajistar haihuwa na Faransa aka ciro shi, na tsakanin 1670 da 1830, zamanin da babu maganin kashe ƙwayoyin cuta, babu asibiti irin na yau. Binciken da David Dunson da abokan aikinsa suka wallafa a 2004 a kan ma'aurata a Turai ya nuna wani abu dabam: cikin matan da ke saduwa da mazajensu aƙalla sau biyu a mako, kashi 82 cikin 100 na 'yan 35 zuwa 39 sun samu ciki cikin shekara, na 'yan 27 zuwa 34 kuwa kashi 86. Ratar tana nan, amma ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba.

Ke ma shaida ce. Ki duba zuri'arku ki ƙirga 'yan auta nawa aka haifa uwa tana da shekara 40 ko fiye. Sai dai a nan dole in ja ki kaɗan. Wadda ta haifi takwas kafin auta, an riga an san hanyarta a buɗe take. Ke ba a gwada ba tukuna. Idan akwai wata matsala a ɓoye, 'yar shekara 22 tana da shekarun da za ta ɓatar kafin a gano, ke kuwa ba ki da su.

Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai a wurin aiki. Ba na manta wata baiwar Allah da ta shigo ofishina da leda baƙa, ta zazzage a kan tebur: kwalaben jiƙo, ƙullin garin magani a takarda, fankon ƙwayoyin sa ƙwai da ta yi ta saya a kemis ba tare da kowa ya rubuta mata ba. Tana da shekara 34 aka yi mata aure, tana da 41 ta zo. Shekara bakwai ana ce mata ta yi haƙuri, lokaci ne bai yi ba. Hoto ɗaya muka yi muka ga bututun ƙwanta duka biyu a toshe, sakamakon ciwon sanyi da ba a yi masa magani yadda ya kamata ba. Duk ƙwayoyin da ta sha ba su da hanyar da za su amfane ta. Mijin kuwa ko sau ɗaya ba a taɓa gwada shi ba. Da tana da 35 ta zo, da zaɓinmu ya fi haka yawa. Haihuwa ta Allah ce, babu mai musun wannan, amma neman magani ma umarni ne, kuma zuwa asibiti da wuri ba ya rage wa kowa tawakkali.

Ƙa'idar da za ki riƙe ita ce ta wata shida. Mace 'yar ƙasa da 35 ana ba ta shekara guda tana tare da miji kafin a fara bincike. Daga 35 zuwa sama wata shida ne. Mai shekara 40 ba ta jira ko kaɗan. Idan kuma al'adarki tana rikicewa, ko tana zuwa da ciwon mara mai tsanani ko jini mai yawa, ko an taɓa yi miki aiki a ciki, to ko wata shidan kada ki jira.

Tun kafin biki akwai abin yi. Ku yi gwajin jini ku biyu, musamman na sikila. A Kano ma doka ce tun 2024, tare da gwajin HIV da ciwon hanta. Ki sa a auna miki hawan jini da suga, a yi miki hoton mara. Ƙarin mahaifa ya fi yawa a mata baƙar fata, kuma a irin shekarunki ya fi bayyana. Idan an gan shi kada ki firgita, kada kuma ki yarda a garzaya da ke ɗakin tiyata daga ganin farko. Da yawa ba sa hana ciki. Wanda ya kutso cikin ramin mahaifa, inda ɗa zai kwanta, shi ne abin dubawa, kuma ba laifi ba ne ki nemi ra'ayin likita na biyu. Ki fara shan folik asid, maikrogiram 400 kullum, aƙalla wata guda kafin ki tare, ki ci gaba har ciki ya kai mako 12. Ƙwaya ce mai araha da ke kare jariri daga nakasar laka da ƙwaƙwalwa, kuma aikinta a makonnin farko yake, kafin ma mace ta san tana da ciki. Matse-matsen da ake cusa wa amare a gaba da sunan gyara kuwa, ki nisance su. Suna ƙona fata, suna buɗe wa cuta hanya.

Za a iya tallata miki wani gwajin jini mai suna AMH, a ce zai faɗa miki ko za ki haihu. Yawan ƙwan da ya rage yake nunawa, kuma yana da amfani ga wadda za a yi wa dashen ƙwai. Bai iya faɗin ko za ki samu ciki da kanki ba. Na ga matan da ƙaramin sakamako ya sa su kuka, bayan 'yan watanni suka dawo awo.

Sai maganar kwana, wadda ake jin nauyin yi amma ita ce ginshiƙi. A kowane wata kwanaki kamar shida ne ciki ke iya shiga: biyar kafin ƙwai ya fito, da ranar fitowarsa. Ƙwai ba ya wuce yini guda da rai, maniyyi kuwa yana iya kai kwana biyar a jikin mace. Ƙwan yakan fito wajen kwana 14 kafin al'ada ta gaba. Saduwa kowane kwana biyu ko uku ta wadatar, ba sai an zauna da kalanda ba. Inda lissafi ke shigowa shi ne idan maigida yana aiki a Abuja ko Legas, sai ƙarshen wata yake leƙo gida, ko kuma gida ne mai mata uku ko huɗu ana rabon kwana bibbiyu. A irin wannan sai a yi watanni girkinki bai faɗo cikin kwanakin ba, a zauna ana zargin shekaru. Ba ki faɗa mini ko yana da iyali ba. Idan yana da su, ku yi wannan magana a tsakaninku cikin mutunci, ba tare da an tauye haƙƙin kowa ba.

Shi ma angon yana da nasa. A kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi wa wuya, akwai hannun namiji a ciki, ko shi kaɗai ko tare da matar. Gwajin maniyyi ba ya ciwo, ya fi yawancin gwaje-gwajen mata araha, kuma da shi ya kamata a fara. "Ai ni ina da 'ya'ya" ba hujja ba ce, don ciwon suga da ciwon sanyi da taba da shekaru suna canza namiji shi ma.

Idan ciki ya samu, kula yake so fiye da na yarinya. Hawan jini na masu ciki, wanda kan kai ga jijjiga, da ciwon suga na ciki, da haihuwa ta tiyata, duk sun fi yawa bayan 35. Wani babban bincike da aka yi a Norway, aka wallafa a 2019, ya nuna ɓari ya fi ƙaranci a 'yan 25 zuwa 29, kamar 10 cikin 100, yana hawa har ya haura rabi daga shekara 45. Ke kina kusa da farkon wannan hawa. Larurar da ake kira Down tana samun kamar jariri 1 cikin 350 idan uwa tana da 35, ta koma kamar 1 cikin 100 a shekara 40. Ki juya adadin ki gani: 349 cikin 350 ba sa zuwa da ita. Ki fara awo tun watanni ukun farko, ki cika zuwa takwas ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, ki haihu a asibitin da ke da jini da ɗakin tiyata. Haihuwar fari a wannan shekaru ba ta gida ba ce.

Dashen ƙwai yana nan a matsayin mafita. Tun 1978 aka haifi jaririyar farko ta wannan hanya a Ingila, kuma ana yi a Abuja da Legas. Amma kuɗinsa miliyoyi ne, ba kowane gwaji ke kamawa ba, kuma nasararsa tana bin shekarun ƙwai. Ba dalilin jinkiri ba ne.

Abu guda da ba zan ɓoye miki ba shi ne yawa. Idan burinki ɗa ɗaya ko biyu, ko uku in Allah ya nufa, lissafi yana tare da ke. Idan bakwai kike mafarki, da wuya lokaci ya isa, tunda jiki yana buƙatar hutu tsakanin haihuwa da wani cikin. Gara ku san wannan ku biyu tun yanzu, kafin dangi su fara ƙirga muku watanni.

Na ji daɗi da kika ce hankalinki ya kwanta da shi, don na ga matan da tsoron shekaru ya tura gidan da suka san ba alheri, suka fito da ɗa a goye da ciwon zuciya. Ki zauna da shi ki faɗa masa abin da kika ji, ki nemi ku je gwajin nan tare. Yadda zai karɓi maganar zai nuna miki abin da hoton asibiti ba zai nuna ba. Yayarsa kuwa ba sai kin mayar mata da martani ba, ki gaishe ta yadda kika saba.

Daga wannan watan ki sayi ƙaramin littafi, ki riƙa rubuta ranar da al'ada ta zo da ranar da ta ɗauke, da duk ciwon da ya biyo ta. Shi zan fara tambayarki ranar da kika shigo ofishina, ke da angon naki.