Amsoshin Tambayoyinku: Ruwan da ke Taruwa a Ƙwaƙwalwar Dattawa

Wata mai sauraronmu daga Maraɗi ta ce mahaifinta yana jan ƙafa, fitsari na kufce masa, ga kuma mantuwa. Tana tambaya ko tsufa ne kawai.

To malama, ba lallai ba ne. Waɗannan alamomi uku su ne Dakta Salomón Hakim, ɗan ƙasar Kolombiya, ya bayyana a 1965. Ruwan da ke zagaye ƙwaƙwalwa ne ke taruwa a kogunanta har su faɗaɗa, alhali in an auna matsinsa sai a same shi daidai. Wannan ciwo ya fi kama waɗanda suka haura shekara 60, kuma sau da yawa ana ɗaukarsa ciwon Parkinson.

Ku kai Baba wajen likitan ƙwaƙwalwa a ɗauki hoton kansa. Akan zuƙe ruwa kaɗan ta ƙashin baya a gwada. Idan tafiyarsa ta gyaru, sai a dasa siririn bututu da zai riƙa kai ruwan cikin ciki. Tafiya ce ta fi saurin gyaruwa, mantuwa kan yi taurin kai, musamman in an makara.

Kafin nan, a ɗauke tabarmin da ke harɗe ƙafa, a ajiye masa fo kusa da gado, kuma don Allah kada a yi masa faɗa kan fitsari.