Keke a Kan Jan Dutse: Darasi Daga Kwazazzaban Mowab

Duk ɗalibin da ya taɓa tuƙa keke a cikin rairayi ya san wahalar da ke ciki. Taya ta nutse, kan keke ya riƙa kaɗawa, daga ƙarshe tilas mutum ya sauka ya tura. To, amma akwai wani wuri a ƙasar Amurka inda mahaya suke hawa tuddan rairayi masu tsayi da keke, su kuma gangaro, ba tare da taya ta nutse ba. Asirin abin shi ne, waɗannan tuddai sun daskare sun zama dutse, domin iska ta tara su ne tun kimanin shekaru miliyan 180 da suka wuce. Wurin kuwa shi ne kewayen garin Mowab da ke jihar Yuta, a bakin kogin Kolorado, inda jan dutse da kwazazzabai masu zurfi suka mamaye ko'ina. A wannan darasi za mu nemi amsar tambayoyi biyu: me ya sa tayar keke take kama dutsen da dawaki suka riƙa zamewa a kansa? Me kuma ya sa ake gargaɗin mahayi kada ya kauce wa hanya ko da taku ɗaya ne, alhali ƙasar da ke gefe kamar ba komai a cikinta?

Garin Mowab da hanyoyinsa

Mowab ƙaramin gari ne, mazaunansa ba su wuce dubu biyar da 'yan kai ba. A shekarar 1952 wani masanin duwatsu mai suna Charles Steen ya gano ma'adinin yuraniyam mai yawa a kudu maso gabashin garin. Nan da nan masu neman arziki suka yi tururuwa, suka yanka hanyoyi a cikin kwazazzabai. Yuraniyam ɗin a cikin dutsen yashi yake kwance, kamar dai yadda na Arlit a Jamhuriyar Nijar yake. Da kasuwarsa ta faɗi, masana'antar tace shi ta garin ta rufe a 1984, jama'a da dama suka watse, aka bar hanyoyi babu masu bi.

A daidai wannan lokaci ne wani sabon irin keke yake yaɗuwa. Samarin jihar Kalifoniya ne suka fara shi a shekarun 1970, suna ɗaura manyan tayoyi a kan tsofaffin kekuna suna tseren gangara daga kan tsauni. A 1981 kamfanin Specialized ya fito da ƙirar Stumpjumper, wadda tana cikin kekunan tsauni na farko da aka ƙera da yawa don kasuwa, kuma zuwa 1996 wasan ya shiga gasar Olamfik a birnin Atlanta. Mahaya suka gano Mowab, garin kuwa ya sami sabuwar hanyar cin abinci.

Hanyar da mahaya suka fi so ita ce siririyar turba wadda keke ɗaya kawai take ɗauka, tamkar 'yar turbar da take ratsawa tsakanin gonaki. Mafi shahara a Mowab sunanta Slickrock, watau “dutse mai santsi”. Wani mutum mai suna Dick Wilson ne ya shata ta a 1969 domin masu babur, tsawonta kuwa kimanin kilomita 17 ne. Da yake a kan tsuran dutse take, ba sawu ake bi ba. Ɗigo-ɗigon farin fenti aka yi a kan dutsen, shi mahayi yake bi.

Yadda rairayi ya zama jan dutse

A farkon zamanin da masana duwatsu suke kira Jurasik, wannan yanki hamada ce mai faɗin gaske, irin wadda muke gani a Tenere a yau. Iska tana tura rairayi ya hau bayan tudu, ya zubo ta gabansa, shimfiɗa bisa shimfiɗa. Daga baya wasu ƙasashen suka binne tuddan, nauyi ya danne su, ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma ya bi tsakanin ƙwayoyin yashin yana ajiye ma'adinai waɗanda suka liƙe su kamar siminti. Abin da ya fito shi ake kira dutsen yashi na Nabaho, wanda a yankin Zayon, can kudu maso yammacin Yuta, kaurinsa ya wuce mita 600. Har yau mai lura zai ga layuka a karkace a jikin dutsen, waɗanda suke nuna inda iskar wancan zamani ta riƙa dosa.

Jan launin fa? Ba wani abu ba ne illa tsatsa. Kowace ƙwayar yashi tana sanye da 'yar siririyar riga ta hematait, watau ƙarfen da ya haɗu da iskar oksijin. Kaɗan daga cikinsa ya isa ya rina dutse baki ɗaya, kuma danginsa ne yake ba jar ƙasarmu ta gini launinta. Inda wani ruwan ƙarƙashin ƙasa ya narkar da ƙarfen ya tafi da shi, sai dutsen ya koɗe ya yi fari-fari, shi ya sa ake ganin ja da ruwan goro da fari a bango guda. Ƙarfen da aka kwashe yakan taru a wani wurin ya zama 'yan dunƙule-dunƙule masu kama da ƙwallo. A 2004, sa'ad da motar bincike ta Opportunity ta tarar da ƙananan ƙwallayen hematait a duniyar Mas, da waɗannan na Yuta masana suka kwatanta su.

Kwazazzabai kuwa aikin ruwa ne. Dukan yankin ya ɗaga sama a hankali, kogin Kolorado da rassansa suka yi ta yankan dutsen. Ruwan da Mowab take samu a shekara kimanin milimita 230 ne, bai kai rabin na Kano ba, amma idan ya sauko da ƙarfi a kan tsuran dutse babu ƙasar da za ta shanye shi. Cikin ɗan lokaci sai busasshen rafi ya cika ya tumbatsa, kamar yadda ya faru a watan Agusta na 2022 da ambaliya ta shiga har babban titin garin. Saboda haka ne ake gargaɗin mahaya kada su shiga matsattsen kwazazzabo idan an ga hadari, ko da a nesa yake.

Santsin da ya zama riƙo

Turawan da suka fara zama a yankin da dawaki suka zo, dawakin kuma da takalman ƙarfe a kofatansu. Su ne suka raɗa wa dutsen suna mai santsi, kuma ba ƙarya suka yi ba. Ƙarfe ba ya lanƙwasa ya shiga tsakanin ƙwayoyin yashi. Kawunan ƙwayoyin kaɗai yake taɓawa, ya ɓanɓare wasu, su kuma su mirgina a ƙarƙashinsa. Roba kuwa laushi gare ta. Tana nutsawa cikin kowane ɗan gurbi, ta kama dutsen kamar yadda yatsa yake kama samfefar kafinta. Ashe ke nan gogayya ba halin dutse ba ce shi kaɗai, hali ne na abubuwa biyun da suka haɗu.

Ana iya auna wannan a cikin aji. A sami katako mai tsawon santimita 100, a manna masa samfefa, a ɗora guntun tsohuwar taya a kai, sannan a riƙa ɗaga gefe ɗaya a hankali har guntun ya fara zamewa. A auna tsayin da aka ɗaga, a raba shi da nisan da ke ƙasa daga gindin katakon zuwa daidai ƙarƙashin kansa. Amsar ita ce ma'aunin gogayya. Alal misali, idan tsayi 60 ne, nisan ƙasa kuma 80, ma'aunin 0.75 ke nan, karkatar kuwa kusan digiri 37. Sai a sake da guntun ƙarfe a kwatanta. A karo na uku a barbaɗa busasshen yashi a kan samfefar, a ga yadda robar ma za ta yi saurin zamewa. Wannan shi ne abin da mahayi ya fi tsoro a Slickrock: yashin da iska ta watsa a kan dutse.

Mahaya sukan rage iskar taya da gangan. Faɗin inda taya take taɓa ƙasa kusan daidai yake da nauyi a raba da matsin iska. Idan keke da mahayinsa sun kai niyuton 800, matsin kuma kilofaskal 400, wurin taɓawa murabba'in santimita 20 ne. Idan aka rage matsin zuwa 160 sai ya zama 50. A nan ɗalibi mai kaifin basira zai ce: ai littafin fizikis ya ce gogayya ba ruwanta da faɗin wurin taɓawa! Ya kamata malami ya yi murna da wannan tambaya, kada ya kore ta. Waccan doka kusanto ce, ta fi dacewa da abubuwa masu tauri. Roba ba ta bin ta sau da ƙafa, kuma taya mai laushi tana rungumar gargada maimakon ta yi tsalle a kanta. Tayar da take sama kuwa ba ta da riƙo ko kaɗan.

Sauran aikin na giya ne. Keken gida mai haƙora 44 a gaba da 18 a baya yakan ci fiye da mita 5 a kowane juyin feda. Keken tsauni mai 30 a gaba da 50 a baya bai fi mita ɗaya da rabi yake ci ba, don haka tafiya ta ragu amma ƙarfin hawa ya ƙaru.

Ƙasar da ba a takawa

Tsakanin duwatsun akwai filayen yashi, a samansu kuma akwai wani ɓawo baƙi-baƙi mai ƙuraje, wanda baƙo zai ɗauka busasshen taɓo ne. Wannan ɓawo yana da rai. Masu gina shi wasu ƙananan halittu ne da ake kira sayanobakteriya, waɗanda suke haɗa abincinsu da hasken rana kamar tsirrai. Siffarsu kamar zare ce, suna zaune cikin kube mai danƙo. Idan ruwa ya sauka sai su motsa cikin yashi, su bar kuben a baya yana ɗaure da ƙwayoyin ƙasa. Shekara da shekaru sai saƙar ta yi kauri, gansakuka da wasu halittun su zo su zauna a kai. Jayne Belnap, masaniya wadda ta yi shekaru da dama a hukumar binciken ƙasa ta Amurka tana nazarin ɓawon a Mowab, tana cikin waɗanda suka nuna amfaninsa: yana hana iska da ruwa kwashe ƙasa, yana riƙe danshi, wasu daga cikin halittunsa kuma suna kama iskar naitirojin su mayar da ita taki.

Rauninsa guda ne: idan ya bushe ba ya jure nauyi. Taya ɗaya ko sawu ɗaya ya isa ya tsinka saƙar. Zaren kan fara dawowa cikin 'yan shekaru, amma cikakken ɓawo yakan ɗauki gomman shekaru, a wasu wurare ma fiye da ƙarni. Sawun keke ya fi na ƙafa illa ta fuska guda, domin dogon layi ne mara yankewa, ruwa kuwa ba abin da yake nema kamar irin wannan layi ya mayar da shi zaizaya.

Ɓarnar ba ta tsayawa nan. Ƙasar da aka tuɓe wa ɓawo takan zama ƙura, iska ta kai ta kan dusar ƙanƙarar tsaunukan Roki. Dusa mai datti ta fi fara shan zafin rana, sai ta narke da wuri. Wani bincike da aka buga a 2010 ya ƙiyasta cewa ƙurar tana gaggauta cikar kogin Kolorado da kimanin mako uku, tana kuma rage ruwansa na shekara da kusan kashi 5 cikin 100, kogin da mutane kusan miliyan 40 suka dogara da shi. Gaskiya ita ce, kiwo da motoci da haƙar ma'adinai sun fi keke laifi nesa ba kusa ba. Amma keke yana isa lungunan da waɗancan ba sa isa. Shi ya sa a gandun Arches da na Canyonlands ba a yarda keke ya bar hanyar mota ba, a sauran filayen gwamnati kuma aka umarci mahayi ya tsaya kan turba, idan zai ba wani hanya ya tsaya a kan dutse maimakon ya kewaya ta cikin ƙasa.

Irin wannan ɓawo akwai shi a yankin Sahel, kuma masana sun yi nazarinsa a gonakin da aka bari su huta a yammacin Nijar. Malamin da makarantarsa take kusa da saura ko makiyayar da dabbobi ba su cika takawa ba, zai iya fita da ɗalibai a ƙarshen damina su nemi wurin da saman ƙasa ya yi duhu ya kuma daskare. A ɗago ɗan guntu da wuƙa, a duba ƙarƙashinsa da gilashin ƙara girma, a ga ko akwai ƙwayoyin yashi masu reto a jikin zare. Sannan a sa shi a faranti, a ɗiga masa ruwa, a ajiye a wuri mai haske, ɗalibai su riƙa rubuta launinsa kowace sa'a har a tashi daga makaranta.