Ku Bar Masa Littafin Zanensa

Aikina shi ne koyar da yaran da karatu ya gagara, waɗanda suka kai aji huɗu ko biyar na firamare, wasu ma sun shiga ƙaramar sakandare, amma har yanzu in aka miƙa musu shafi guda sai gumi ya keto musu. Kafin su iso hannuna yawanci an riga an laƙaba musu suna: daƙiƙi, malalaci, mai taurin kai. Wasu sun sha bulala har sun gaji. Da dama daga cikinsu abin da ke damunsu larura ce da ake kira disileksiya. Cikin kayan aikin da na fi jin daɗinsu wajen taimakon irin waɗannan yara akwai wanda iyaye suka fi rainawa, wato littafin dogon labari da aka tsara shi cikin zane-zane, akwati bayan akwati, da maganar mutanen labarin a cikin 'yan da'irori.

Disileksiya ba rashin hankali ba ce, ba kuma ciwon ido ba. Tun a 1896 wani likitan Ingila, Pringle Morgan, ya rubuta labarin yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira, wanda ba ya kasa sa'o'insa a wasa da lissafi, amma karatu ya ƙi shi. Tushen matsalar yana wajen rarrabe sautukan da ke cikin kalma da haɗa kowane sauti da harafinsa. Ƙungiyar da ke kula da wannan larura a Birtaniya ta ƙiyasta cewa tana shafar kusan mutum ɗaya cikin goma, kuma tana bin jini. Iyaye kan zo mini da damuwar cewa ɗansu yana rikita b da d, ko ɓ da ɗ. Wannan kaɗai bai isa hujja ba, domin kusan duk mai fara koyo yana yin haka. Abin lura shi ne yaron da shekara ke zagayowa yana nan inda yake, yana jan kalma da ƙyar, ya karanta ta a layin farko, ta dawo a layi na uku ya dube ta kamar bai taɓa ganinta ba.

Yaron nan idan ka ba shi labari da baki, zai riga kowa gane inda aka dosa. Zai gaya maka wane ne maci amana tun kafin asirinsa ya tonu. Amma littafin da yake iya karantawa da kansa na 'yan aji ɗaya ne, mai jimla irin ta "Ali ya ga akuya". Ɗan shekara goma sha biyu ba zai zauna da wannan ba, kuma yana da gaskiya. Sai ya daina karatu kwata-kwata. Sa'o'insa suna ta tsintar sababbin kalmomi a littattafai, shi kuwa rumbunsa ba ya ƙaruwa, tazara tana faɗaɗa kowace shekara. Masanin karatu Keith Stanovich ya bayyana wannan tun a 1986: mai iyawa yana ƙara iyawa saboda yana karantawa, wanda bai iya ba yana ƙara zama baya saboda yana guje wa littafi.

A wannan gaɓa ne labarin kasada mai zane yake shigowa. Zanen ya ɗauke masa nauyin da ya fi kashe masa jiki, wato dogon bayanin yadda daji yake, yadda fuskar sarki ta canza, yadda jirgi ke tangal-tangal a teku. Duk yana ganinsu da idonsa. Abin da ya rage masa shi ne magana, gajeru-gajeru, kowace a da'irarta, da sarari a tsakani inda ido zai huta. In ya ɓace a shafi, gane inda ya tsaya ba wuya. Shi kuma labarin kasada yana da abin da babu malamin da zai iya sayo wa yaro: ɗokin sanin abin da zai faru a shafi na gaba. Na sha ganin yaron da ke ture littafin makaranta bayan layi biyu ya kafe a kan kalma guda yana fama da ita, saboda sai ya san abin da dodo ya faɗa wa yarinyar labarin kafin hankalinsa ya kwanta.

Masu cewa irin waɗannan littattafai ba su da kalmomin kirki, akwai amsa. Masu bincike Hayes da Ahrens sun ƙirga kalmomin da ba a cika amfani da su ba a rubuce-rubucen Ingilishi iri-iri a 1988. A kowace kalma dubu, sun sami kusan 31 a littattafan yara, kusan 53 a littattafan manya, su ma littattafan zane kusan 53. Yaron da ke riƙe da irin wannan littafi yana cin karo da manyan kalmomi, kuma hoto yana gefe yana nuna masa ma'anarsu.

Sai dai ba kowane ne ya dace ba, kuma zaɓen yana bukatar natsuwa. Ga mai farawa ina son Akissi na Marguerite Abouet, labaran wata yarinya mai ƙiriniya a Abijan, kowane labari 'yan shafuka kaɗan, ana samunsa da Faransanci da Ingilishi. Daga nan sai Amulet na Kazu Kibuishi, wanda ya fara fitowa a 2008, labarin Emily da ƙanenta Navin da suka bi sawun abin da ya sace mahaifiyarsu. Yana da shafuka da yawa da kusan babu rubutu, yaro ya samu ya numfasa kafin ya sake haɗuwa da magana. Bone na Jeff Smith ya fi shi tsawo da zurfi, yakan fara da ban dariya ya ƙare da yaƙi. Tintin na Hergé, wanda 'yan'uwanmu masu karatu da Faransanci suka fi sani, labaransa suna da daɗi, amma rubutunsa ƙanana ne, wani shafin a cunkushe yake, don haka nakan ajiye shi sai ƙafar yaro ta yi ƙwari. Wanda aka yi a kan Kwango kuwa ba na ba kowa, saboda yadda ya wulaƙanta baƙar fata. Akwai kuma Percy Jackson na Rick Riordan, wanda aka mayar da littafinsa na farko zane a 2010. Jarumin labarin shi kansa yana da disileksiya, marubucin ya ƙago shi ne saboda ɗansa mai irin wannan larura, kuma yaran da na karanta shi da su sun ji wani irin sanyi a rai da suka ga jarumi mai irin damuwarsu. An gina shi a kan tatsuniyoyin gumakan Girka, saboda haka ina gaya wa iyaye su duba tukuna su yanke wa kansu shawara.

Wani abin dubawa kafin a saya shi ne rubutun kansa. Yawancin littattafan zane na Amurka da manyan baƙaƙe zalla ake rubuta su, wasu yaran kuma wannan yana rage musu gudu. A buɗe shafi biyu a gaban yaron a ga yadda zai yi. Kada a kashe kuɗi wajen neman wani salon baƙaƙe na musamman da ake tallatawa da sunan maganin larurar, bincike bai nuna yana ƙara komai ba. Abin da aka gwada aka ga amfaninsa shi ne ƙara tazara tsakanin haruffa, kamar yadda binciken Zorzi da abokan aikinsa ya nuna a 2012 a kan yaran Italiya da Faransa.

Yadda nake zama da yaro a kan littafin ba wani abu ne mai wuya ba, kowace uwa za ta iya. Mukan fara duba shafin ba tare da karatu ba, ya gaya mini da Hausa abin da yake gani da abin da yake zato zai faru. Sannan mu raba mutanen labarin, in ɗauki mai yawan surutu, ya ɗauki mai taƙaita magana. In akwatunan sun yi masa yawa, sai a rufe sauran da farar takarda a bar guda. Kalmar da ta fi ƙarfinsa nakan faɗa masa ita nan take don kada zaren labari ya tsinke, in rubuta ta a gefe, mu dawo mata bayan mun gama.

Akwai haɗari guda da nake ja wa malamai kunne a kai. Yaro mai wayo yakan koyi cankar kalma daga hoto, ya yi ta wucewa ana zaton karatu yake yi. Shi ya sa littafin zane ba zai taɓa maye gurbin darasin sauti da harafi ba, wanda ake yi daki-daki, kullum, ko da na minti ashirin ne, kuma babu hoto a gabansa. Darasin shi ke koya masa buɗe kalma. Littafin zanen shi ke hana shi tsanar karatu kafin darasin ya nuna. Kuma kafin komai, a kai yaro a duba masa ido da kunne.

Abin da ya fi damuna shi ne duk littattafan da na ambata da harshen wasu suke, alhali yaron da ke fama da disileksiya yana kuma fama da Ingilishi, harshen da rubutunsa da furucinsa suka yi hannun riga. Rubutun boko na Hausa ya fi shi sauƙin bi nesa ba kusa ba. Labaran kasada kuwa muna da su tun 1934: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, ga kuma Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa da ya biyo baya. Tafiye-tafiyen Alhaji Imam da makircin Malam Zurƙe a Ruwan Bagaja kaɗai sun isa cika littafin zane mai kauri. Ina roƙon masu zanenmu da masu ɗab'i su nemi izinin masu haƙƙin waɗannan littattafai su gwada. In za su yi, su rubuta da ƙananan baƙaƙe, su fito da lanƙwasar ɓ da ɗ da ƙ sosai, su bar sarari tsakanin layuka, kuma kada su cusa fiye da jimla biyu a da'ira ɗaya.