Ɗan Bida da Alkawari Biyu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaba Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Kowace shekara, da an kai gero rumbu, samari daga Tawa, Maraɗi da Damagaram kan kama hanyar bida. Wasu su bi ta Agadas zuwa Libiya ko Aljeriya, wasu su gangara Abijan. Can za su yi gini, ko gadi, ko aikin gona a ƙarƙashin wani. Da yawansu muridai ne, don haka kowane yana ɗauke da alkawari biyu: wanda ya ɗauka a hannun muƙaddami, da wanda zai ƙulla da ubangidansa.

Suratul Ƙasas ta kawo labarin wanda ya ci aiki a ƙasar da ba tasa ba. Annabi Musa (AS) ya fita Misra cikin tsoro, ya isa Madyana ba dangi ba guzuri. Da ɗiyar dattijon nan ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauke shi aiki, siffa biyu ta ambata: ƙarfi da amana. Aka yi yarjejeniya a kan shekara 8, in ya cika 10 to alheri ne daga gare shi. An ruwaito daga Ibnu Abbas cewa wa'adin da ya fi tsawo ya cika.

Wannan shi ne ma'aunin muridi a baƙon wuri. Lokacin da ya sayar wa mai aiki ba nasa ba ne, ko mai aikin Musulmi ne ko ba Musulmi ba. Salla farilla tana da haƙƙinta, sai ya faɗe ta tun ranar da ake shirya aiki. Amma wanda ya sulale daga bakin aiki ya laɓe da tasbaha, sannan ya karɓi lada cikakke, ya gauraya abincin iyalinsa da haƙƙin wani.

Shi ma wuridi ba ya faɗuwa don an ƙetare iyaka. Lazimi, wato istigfari 100, salatin Annabi 100 da hailala 100, safe da yamma, alkawari ne, in ya kuɓuce sai an rama. Sai dai Ɗariƙa ta zo da sauƙi. Na safe yana da lokaci har faɗuwar rana ga mai uzuri, na yamma kuma har fitowar alfijir. Wanda ake kwasa zuwa wurin aiki da sassafe yana iya gabatar da na safe cikin dare. Wazifa kuwa, in akwai ƴan'uwa a garin sai ya neme su, in babu ya yi shi kaɗai. Inda ruwa ya yi wuya har ya yi taimama, Salatul Fatihi 20 ke tsayawa a madadin Jauharatul Kamali.

Akwai kuskuren da ya yawaita: ɗan bida ya yi ta ƙasaru wata da watanni, wai shi matafiyi ne. A mazhabar Malikiyya, wanda ya yi niyyar zaman kwana 4 a gari ya zama mazauni, sai ya cika sallarsa.

Baƙo ba shi da liman na unguwa ko dattijon da zai ji kunyarsa. Abin da ya rage masa shi ne muraƙaba, wato sanin cewa Allah na ganinsa. A nan ake gane ko tarbiyya ta zauna a zuciya, ko kuwa idon mutane ne kawai ke tsare da shi a gida. Kuma mutanen ƙasar da shi za su auna ƴan'uwansa: in ya ci amana, ya rufe ƙofa ga wanda zai zo bayansa.

Allah Ya tsare ƴan bida a hamada da birane, Ya ba su halali mai albarka, Ya maido su ga iyalansu da imaninsu. Amin.